Ƙofar da Haliru Ya Ƙi Rufewa

Tun da na dawo daga Kwatano ban huta da tambaya ba. A masallaci, a wurin mai shayi na mahaɗar Kalgo, har a gidan suna, sai wani ya ja ni gefe ya ce in ba shi labari. Wasu teku suke so su ji, wasu abinci, wasu kuma sun ji an ce sunana ya shiga wani babban abu na duniya, sai su riƙe hannuna suna yi mini barka. Barkar nan ce ta fi damuna, domin duk wanda ya yi mini ita sai in ji kamar an aza mini kayan wani. Shi ya sa na ga gara in zauna in rubuta yadda aka yi tun daga farko, wanda ya karanta ya hutar da ni.

Dole in fara da Haliru, domin ba don shi ba da ko Kamba da ke bakin iyaka ban taka ba. Ni mutumin Gwandu ne, shi kuma ɗan wata ruga ne kusa da Kambaza. Tare muka yi karatu, tare muka buɗe ɗan ɗakinmu na koyar da kwamfuta a Kalgo. Ni ne mai saurin fushi, shi ne mai taurin kai, har mutane suna mamakin yadda muke cin tuwo a kwano ɗaya ba a raba mu ba.

Manoman rani na fadamar Diggi suna da fanfunan ban ruwa masu aiki da hasken rana, kuma abin da ke sarrafa kowane fanfo wani ɗan allon kwamfuta ne da bai wuce tafin hannu ba. Haliru ke rubuta masa manhaja. Sai batir ya riƙa mutuwa tun rana ba ta yi sanyi ba, ya rasa wane ɓangare na manhajar ke cinye shi. To a cikin ƙwaƙwalwar irin wannan na'ura akwai wasu ƙananan mitoci da masu ƙera ta suka dasa, suna ƙidaya duk abin da take yi: umarnin da ta cika, lokutan da ta nemi abu a kusa ba ta samu ba sai da ta je nesa, da lokacin da ta ɓata tana jira. Wanda ya iya karanta su ya san inda ƙarfi ke zurarewa. Sai dai mitocin a cikin gida suke. Babbar manhajar da ke riƙe da na'ura, wadda ake ce wa kenel, ita ce cikin gida, sauran manhajoji duka a zaure suke tsayawa, abin da aka miƙo musu kawai suke gani. Kafin na zaure ya leƙa mita sai an rubuta wani guntun aiki a cikin kenel ɗin, ana ce masa direba, shi ke buɗe ƙofa. Allon namu mai araha ne, ba wanda ya damu ya rubuta masa, sai Haliru ya zauna ya rubuta.

Abu ya yi kyau. Mitocin suka nuna masa cewa manhajarsa tana tambayar tanki ko ya cika ba ƙaƙƙautawa, ya gyara, fanfuna suka riƙa kai magariba. Da ni ne, da nan na tsaya na sha fura. Shi kuwa ya ce sai aikin ya shiga babban kenel ɗin nan na kyauta da mutanen duniya ke haɗa hannu suna rubutawa, don duk wanda ya sayi irin allon ya tarar da direban a ciki. A can kowane sashe yana da mai dubawa, ba abin da ke shiga sai ya yarda. Mai duba namu sashen wani Bature ne, Henrik.

Haliru ya tura aikinsa da gaisuwa irin tamu, ya tambayi iyali, ya tambayi gajiya. Amsar da ta dawo ko sallama babu. An ce ya daina dogon gabatarwa, ga layi kaza ba daidai ba, ga kaza ya sake. Ni da na karanta sai da na tashi na zagaya ɗakin, shi kuwa dariya ya yi ya kama gyara. Haka suka yi ta yi wata da watanni, duk abin da aka ce ya gyara ya gyara, sai abu ɗaya. Henrik ya ce ƙofar nan ta zo a rufe, sai mai riƙe da kalmar sirrin na'ura ya ga dama ya buɗe wa saura. Haliru ya ce a'a, a buɗe za ta zo wa kowa. Na san dalilinsa. Muna ɗalibai ya taɓa rasa zangon karatu guda yana jiran wani mutum da shi kaɗai ke da kalmar sirrin kwamfutocin da muke aiki da su, kullum a ce ya yi tafiya. Na ce masa ya bi su kawai a wuce wurin, sai ya ce mini, "Lawali, mai mabuɗi ba ya buƙatata. Don wanda anka bari waje niy yi shi."

A kan wannan suke da damina ta shigo. Zazzaɓi ya kama shi, muka ɗauka na kwana biyu ne, ashe na tafiya ne. Muka rufe shi a Kambaza ana yayyafi. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Bayan an share makoki na ga sanarwa cewa Henrik zai zo Kwatano ya koyar a wani taron masu rubuta manhaja na ƙasashenmu. Nan take na yanke shawarar zuwa. Ba zan ɓoye ba, da fushi na shirya, domin a zuciyata mutumin nan ya wahalar da abokina har ya koma ga Allah bai ga aikinsa ya shiga ba.

Na fara zuwa ruga in yi sallama da mahaifin Haliru, Baffa Sambo. Na same shi a kan buzu yana tufka igiya. Tsoho ne da bai taɓa gane abin da ɗansa ke yi a gaban gilashi ba, amma bai taɓa hana shi ba. Da na gama bayani sai ya ce, "Abin ga da yab bari, shina amfanin mutane?" Na ce yana yi, kuma zan kai shi inda za a saka shi da sunan Haliru a kai, duk wanda ya yi aiki da shi a duniya ya ga sunan. Da ƙarfina na faɗa, har na manta ban ce in Allah ya so ba, shi ya ƙarasa mini. Sannan ya sa aka kawo man shanu cikin wata roba mai murfi, ya ce in kai wa mutumin da zan je wurinsa, ba a zuwa wurin babba hannu rabbana. Na so in ce wannan bai cancanci ko ruwan sanyi ba, amma na karɓa da hannu biyu.

Da safe na ɗauki allon Haliru a Kalgo, wanda aikinsa na ƙarshe ke ciki, na naɗe shi da tsumma da leda, na shiga motar Kamba. An cusa mu kamar buhunan gero, kuma tun kafin mu wuce Bunza wata dattijuwa da ke gefena ta lura da yadda na rungume jaka. "Ɗana, mi kaka ɗauke da shi haka kamar jinjiri?" in ji ta. Sunanta Hajiya Ige, fataucin albasa take yi tsakanin Kebbi da bakin teku tun ina goye. Na ba ta labari a taƙaice, ta yi wa Haliru addu'a, daga nan ta mai da ni ɗanta ba tare da ta nemi izinina ba. Ta ji Zabarmanci, ta ji Dandanci, tana da Faransancin kasuwa wanda ya ishe ta faɗa da kowa. Ni kuwa da digirina ko ruwa ban iya roƙo ba da muka tsallaka iyaka.

A kan iyakar ne allon ya fara jawo mini magana. Wani jami'i ya buɗe jakata, ya warware ledar, ya ga abu kore da wayoyi, sai ya ja da baya. Na ce kwamfuta ce. Ya ce in kunna ya gani. Na ce ba ta da gilashi, sai an haɗa mata. Ya dube ni yadda ake duban wanda ya ce akuyarsa tana magana amma yau ba ta jin daɗi. Ban ga laifinsa ba, zamanin ne ya zo da tsoro, amma raina ya fara tashi, kuma na san in ya tashi a nan zan kwana. Hajiya Ige ce ta shiga tsakani, ta ce masa kayan mamaci ne, amana ce yaron nan zai kai. Mutumin ya naɗe allon da kansa ya miƙo mini, har ya ce Allah ya jiƙan mai shi. Man shanun kuwa sai da ya buɗe ya shinshina, ya tambaya ko akwai na sayarwa.

Daga iyakar muka isa Gaya, garin da ke tsallake, daga Gaya sai kogi. Gada a rufe take a lokacin, kowa a kwalekwale yake tsallakawa zuwa Malanbil, mutane da buhuna da babura duk a ciki. Ni ɗan tudu ne, duk da fadamar da ke kewaye da mu ban taɓa son ruwa ba. Da na ga yana shigowa ta ƙasan jirgin ana kwalfewa da gwangwani, sai na zaro allon daga jaka na tura shi cikin hulata na danna a kai. Hajiya ta yi dariya har da hawaye, ta ce in jirgi ya kife ai kan ne zai fara nutsewa. Ban cire ba sai da ƙafata ta taka ƙasa.

Motar kudu doguwa ce, mai kujera ɗaya mutum ɗaya, abin da ya ba ni mamaki, kuma ta tashi a lokacin da aka ce za ta tashi ko da ba ta cika ba. Muka wuce Kandi, muka yada zango a Faraku. A nan na ci sakwara da miyar gyaɗa, a ciki akwai wani cuku mai jan baya da Fulanin ƙasar ke yi, suna ce masa wagashi. Da na ji an ce na Fulani ne sai na tuna Haliru, wanda kullum yake cika baki cewa ba abin da za a yi da nono da ba a yi a rugarsu ba. Na so a ce yana nan in tsokane shi. A nan kuma na gano cewa man shanun Baffa ya narke da zafin mota, ya bi ta gefen murfi ya jiƙe rigar da na ware don ranar taro. Allon bai taɓu ba, wannan kaɗai na duba na gode wa Allah. Rigar kuwa har yau in rana ta buge ta sai ƙuda su bi ni.

A Kwatano Hajiya ta kai ni Zango, gidan mai masaukinta, wani Alhaji da kakansa ya zo daga Kamba. Hausarsa ta gauraye da wasu harsuna amma karamcinsa na gida ne. Ya ba ni ɗaki tare da wasu fatake, ya hana ni cin abinci a waje. Duk da haka na ɗanɗana abin da suke ce wa akasa, kamar kafaffen kamu mai tsami a naɗe cikin ganye, ana ci da soyayyen kifi da barkonon da ke sa mutum ya tuna zunubansa. Burodinsu dogo ne mai tauri kamar sandar kiwo. 'Yan acaɓarsu duka rawayar riga suke sawa mai lamba a baya, mata kuma suna tuƙa babur da kaya a kai ba mai juyowa ya kalle su. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne tsakar rana, lokacin da kasuwa ke ci a wurinmu, su sai su rufe ofis da shago su tafi cin abinci. Na san haka ne da na ga kan cajata mai ƙafa uku ba ya shiga bangonsu, nasu ramuka biyu ne zagayayyu. Na fita neman mahaɗi na tarar ko'ina a kulle, na zauna a dakalin wani shago ina jira kamar maroƙi. Teku kuwa, tunda ana ta tambaya, na gan shi sau ɗaya daga kan babur. Ruwa ne ba iyaka, yana ta hargowa ba wanda ya taɓa shi, ban matsa kusa ba.

Ranar taro na shiga ina neman wani ƙato mai ɗaure fuska. Sai aka nuna mini wani siririn tsoho da gajeren wando da silifa, yana tsaye yana cin burodi a hannu. Yara sa'o'in jikokinsa suna kiran sunansa gatsal, ba malam ba baba, shi kuma yana amsawa. Na jira har mutane suka ragu, na matsa, maganganun da na tanada tun daga Kalgo suna bakina. Na ce daga Najeriya nake, a kan direban mitoci na zo. Kafin in ƙara wata kalma fuskarsa ta washe, ya ce ko ni ne Haliru, ai ya daɗe yana jiran gyara na gaba, ina ya shiga haka. Ashe bai sani ba. Ba wanda ya gaya masa, ni ma da ya kamata in rubuta fushi ya hana ni.

Na gaya masa. Ya ajiye burodin, ya nemi kujera ya zauna, ya cire tabarau ya riƙe a hannu. Ya ce ya ɗauka Haliru ya yi zuciya ne ya tafi, yadda da yawa ke yi. Ya ce a cikin dubban saƙonnin da ke zuwa masa na Haliru ne kaɗai ke tambayar lafiyar iyalinsa, kuma ko da yake ya ce a daina, yakan karanta wa matarsa su. Na tambaye shi to me ya sa ya hana. Ya ce wurin na jama'a ne, mutane da yawa ke karanta kowane saƙo, a al'adarsu girmama mutum shi ne kada ka ci masa lokaci. Har yau ban yarda gaisuwa cin lokaci ba ce, amma fushin da na ɗauko tun daga gida ya rasa wurin zama. Na miƙa masa sauran man shanun na ce daga mahaifin Haliru. Ya ce ba ya karɓar kyauta daga wanda aikinsa ke gabansa, amma wannan ba daga mai aiki ba ne, daga uba ne, ya karɓa.

Bayan azahar muka haɗa allon. Ya karanta aikin Haliru na ƙarshe a tsanake, yana gyaɗa kai, ya ce mai kyau ne, ya fi na mutane da yawa da ake biya su yi. Sai ya zo kan ƙofar. Na kawo masa hujjar Haliru kamar yadda na ji ta, har da zangon karatun da ya rasa. Bai yi gardama ba, ya ce in zauna. Ya rubuta wata 'yar manhaja a gabana, irin ta zaure wadda ba ta da wani iko, ya sake ta tana kallon mitocin kawai. Sannan ya juya baya ya ce in buga kalmar sirrina a wani wurin dabam a kan wannan allon. Na buga. Ya juyo ya duba abin da manhajarsa ta tara, ya gaya mini yawan haruffan da na buga, da inda na yi sauri, da inda yatsana ya tsaya yana neman harafi. Ya ce wanda ya fi shi haƙuri da mugunta zai iya wuce nan. Mitocin ba su san na wa suke ƙidayawa ba, duk motsin da aka yi a gidan suna ji. Allon nan kuma ba fanfo kaɗai zai riƙe ba, wani zai sa shi a ɗakin magani, wani a wurin ajiyar kuɗin mutane, kuma ba su san an bar musu ƙofa a buɗe ba.

Na ga mutumin nan yana da gaskiya, na kuma san Haliru ma yana da tasa, ga shi ba ya nan balle ya ga abin da na gani ya ce ya sauya ko bai sauya ba.

Henrik ya ce hanya biyu ce. Ko a rufe ƙofar a bar sunan Haliru a matsayin mai aikin, ni in sa hannu a ƙasa cewa na yi ɗan gyara, al'adarsu ta yarda da haka. Ko kuma a rufe ta aikin ya shiga da sunana, a rubuta cewa a kan na Haliru aka gina. A buɗe dai ba za ta shiga ba. Ta farkon ita ce abin da na yi wa Baffa alkawari, kuma ga ta an miƙo mini a tafin hannu. Amma na kasa karɓa, domin abin da za a rubuta sunansa a kai shi ne ainihin abin da ya ce a'a a kansa har ya bar duniya. Na ce ba ni da ikon amsawa, sai na koma na tambayi mahaifinsa. Ya tambaye ni ko mahaifin ya san aikin manhaja. Na ce ko wayar hannu sai an danna masa. Ya ce to me zai sani a kai. Na ce a wurinmu abin da mamaci ya bari na magadansa ne, kuma suna yana cikin abin da ake bari. Ya ce in kira shi mana. Na ce irin wannan magana ba a yin ta sai ana ganin juna. Ya daɗe yana kallona, na ga yadda nake ganin al'adarsu baƙuwa haka shi ma yake ganin tamu. Daga baya ya ce zai jira, kuma in gaya wa tsohon cewa ɗansa gwani ne.

Komowa ba ta da labari mai yawa. Hajiya Ige ta tsaya sayar da albasarta, ni kaɗai na biyo hanya, na sake tsallaka kogi da allo a hula ba mai yi mini dariya. Duk tsawon hanyar shiri nake yi na yadda zan jera wa Baffa magana ya zaɓi sunan ɗansa. Na ce ai ba ƙarya zan yi ba, zan dai faɗi abin da ya kamata ya ji in bar saura. Alkawari na ɗauka a gabansa, kuma ina jin kunyar in koma masa da rabinsa.

Ban ko sauka Gwandu ba na wuce ruga. Na same shi an dawo da shanu, yana zaune inda na bar shi. Muka gaisa, ya tambayi hanya, ya tambayi ko man ya isa, na ce ya isa an kuma gode. Na isar da saƙon Henrik cewa ɗansa gwani ne, ya sunkuyar da kai. Sannan na kawo maganar yadda na tsara ta, na ce an yarda aikin ya shiga da sunan Haliru, ɗan gyara kaɗai za a yi, a sa ƙofa ta zo a rufe sai mai mabuɗi ya buɗe. Na zuba masa ido ina jiran ya ce alhamdu lillahi.

Sai ya ce, "Shi Haliru, an hwaɗa mai hakanan tun shina da rai?"

Na ce an faɗa masa.

"Mi yac ce?"

Na ce ya ce a'a.

"Da bakinai?"

Na ce da bakinsa, ba sau ɗaya ba. Na yi sauri na ƙara da cewa da ya ga abin da aka nuna mini a Kwatano wataƙila da ya yarda. Baffa ya ce wataƙila, amma bai gani ba.

"Lawali, tun shina ƙarami in yac ce a'a ko da sanda ba ka sa shi cewa i. Ban sa shi ba shina da rai, ba ni sa shi yanzu da ba ya iya tashi shi musanta. Sa naka suna."

Na ce Baffa, sunan nan fa shi ne abin da na je nema, shi ne zai sa a riƙa tunawa da shi. Hawaye suka zubo mini, ban ɓoye ba. Ya ce wanda zai ba da lada ba ya buƙatar a rubuta masa suna kafin ya gane mai aiki. Ya ce in dai mutane za su amfana to a saka, shi wannan ya tambaya tun farko. Na ce amma abin da Haliru ya fi so ya faɗi ke nan, na waje zai ci gaba da zama a waje sai mai mabuɗi ya ga dama. Ya ɗago ya dube ni.

"Can sun rufe, na ji. To nan Kalgo, ɗakin da yara ka karatu, wa ad da mabuɗi?"

Na ce ni ne.

"To buɗe musu."

Haka aka yi. Na rufe ƙofar a cikin aikin da hannuna, na tura shi ba gaisuwa a sama yadda suke so, da sunana, a ƙasa kuma na rubuta cewa Haliru ne ya fara shi kuma mafi yawansa nasa ne. Bayan ɗan lokaci ya shiga. Wannan shi ne babban abin da kuka ji an ce sunana ya shiga.

Yanzu kowace safiya in na buɗe ɗakinmu na Kalgo, kafin in share ko in kunna fanka, sai in bi allunan ɗalibai ɗaya bayan ɗaya in buɗe musu ƙofar mitoci. Na gaya musu kada kowa ya buga wani sirrinsa a kansu, na kuma nuna musu dalili yadda aka nuna mini. Da na so da na saita abin sau ɗaya ya zauna, amma na fi son in yi shi da hannuna kullum. Kwanan baya wata ɗaliba da ba ta taɓa ganin Haliru ba ta kira ni in zo in ga inda manhajarta ke ɓata lokaci, ita ta gano da kanta, ba ta jira kowa ba. Na tsaya a bayanta ina kallon lambobin suna hawa.

Don haka wanda ya gamu da ni a hanya, don Allah ya bar barkar nan. In yana son ya faɗi wani abu, ya ce Allah ya jiƙan Haliru.